Ranar da Baba Tokogen Ya Ajiye Mataji

Shekara arba'in da takwas Baba Tokogen ya yi yana ɗaure wa 'yan kokawar sumo na gidan horonmu tukku, sau ɗaya tak kuma ya taɓa ƙin ɗaurewa. Ni ne mai girkin gidan, Kumazo sunana, kuma a gabana aka yi, ina riƙe da ludayi.

Tokogen ɗan ƙaramin mutum ne, cinyar ɗan kokawa ɗaya ta fi shi nauyi. Ɗan masunta ne daga Aomori. Yana da shekara sha bakwai ya zo Tokyo wai shi ma kokawa zai yi. Aka ɗora shi a sikeli, aka sha dariya, tsohon maigidanmu ya ji tausayinsa ya miƙa masa mataji. Tun daga ranar ƙamshin man gashi bai bar jikinsa ba, har a jirgin ƙasa akan gane sana'arsa kafin ya zauna. Ba ya tauna ƙashi, ba ya cin alewa, domin da haƙori yake riƙe zaren ɗauri yayin da hannu biyu ke jan gashi. Na sha yi masa tsiya cewa ranar da haƙoran nan suka zube, sai dai ya zo ya taya ni yanka kabeji.

"Kabejinka ko akuya ba ta so," haka yake ce min, bai ko ɗago ba.

Ɗaurin babban tukku, wanda ake baza bakinsa kamar ganye, yakan ci minti ashirin. Ɗan kokawa na zaune a tabarma ya juya baya, Tokogen na tsaye a kansa. To, mutumin da ba ya kallon idonka, shi kake faɗa wa komai. Wanda ke tsoron abokin karawarsa, wanda ke kewar uwarsa, wanda ke ɓoye ciwo, duk a ƙarƙashin matajin nan suke amayarwa. Dokar masu wannan aiki kuwa ɗaya ce: abin da aka faɗa a lokacin ɗauri ba ya fita, ko maigida ba ya ji. Tokogen yakan ce ciki ba don shinkafa kaɗai aka yi shi ba.

Ni ma na ci moriyar wannan doka, in har moriya ce. Ina da shekara ashirin da uku, saura nasara ɗaya in shiga sahun manya, masu farin bante da ɗakin kansu da albashi, sai gwiwata ta dama ta goce a wajen horo. Na ɓoye. Da safen ranar karawa na kasa tanƙwashe ƙafa in zauna, na miƙe ta gefe guda. Tokogen ya dubi ƙafar, ya dube ni. Na ce, "Yaya, ka rufa min asiri, yau kaɗai." Ya ɗaure min tukkuna tsaf, bai faɗa wa kowa ba. Da yamma aka fitar da ni daga fili a keken guragu, kuma har yau da ɗingishi nake zuwa kasuwa. Ban taɓa ɗora masa laifi a fili ba, ai ni na roƙa. Amma ba zan yi ƙarya ba, abin ya zauna min a rai shekara ashirin da takwas.

Sai ga Isonami. Shekara tara yana fama a ƙasa, yana wanke kwanukan da na ɓata, kafin ya samu farin bante. Irin masu kai hari da ka ne, da an ba da dama sai ka ji ƙarar goshi da goshi har bayan rumfa. Jama'a na son haka, suna ta tafi, tunda ba wuyansu ba ne.

A gasar Nagoya ce, cikin zafin Yuli, muna sauke a harabar wani wurin ibada kamar kowace shekara. Sunan Isonami ne na ƙarshe a jerin manya. Kwana goma sha biyar ake yi, karawa ɗaya kullum, wanda bai ci takwas ba ya gangara, ballantana wanda ba kowa a ƙarƙashinsa. In ya gangara, farin bante ya tafi, ɗaki ya tafi, babban tukku ya tafi, ya koma barci cikin yara ashirin. A ƙarshen rana ta goma sha biyu yana da nasara shida, faɗuwa shida.

Ni na ga alamar a wajen cin abinci. A lokacin gasar, kaza kawai nake dafawa, ba a cin mai ƙafa huɗu, wai kada mutum ya dafa ƙasa da hannu, wanda a sumo faɗuwa ce. Na miƙa masa kwanon romo, ya karɓa da hagu, kwanon ya karkace, ya yi sauri ya tare da dama. Muka haɗa ido, na koma kan tukunyata. Ni da ya kamata in fi kowa sani, shiru na yi. A gidan kokawa wanda ya ce "ciwo" shi ne rago, haka aka raine mu duka.

Washegari da hantsi ya zauna a baranda don a ɗaure masa. Ina can gefe ina kwashe kumfar romo, ina jiyo su.

Tokogen ya jiƙa gashin, ya murza, ya shafa mai, ya taje. Da ya tattara ya ja baya, yadda yake yi kullum, sai na ga kafaɗar Isonami ta yi tsalle. Wuyan ɗan kokawa ba ya bin mataji, turjewa yake yi. Wannan wuyan kuwa ya bi.

"Tun yaushe?" in ji Tokogen.

"Kwana huɗu. Ba komai ba ne, Baba, yatsu ne kawai suka yi sanyi. Kada ka faɗa wa maigida."

"Ba zan faɗa ba. Riƙe min zaren nan. A'a, da hagu."

Isonami ya karɓa. Zaren takarda ne, bai kai nauyin tsinke ba. Ya zame ta tsakanin yatsunsa ya faɗi a tabarma, shi bai ma san ya faɗi ba.

Tokogen ya saki gashin ya zubo har kafaɗa. Ya goge matajinsa a hankali, ya sa a akwati, ya rufe, ya zauna ya harɗe hannu.

"Baba, lokaci na tafiya fa."

"Na sani."

"Yanzu ka yi min alkawari."

"Bakina na ba ka, ban ba ka hannuna ba."

"Nasara biyu ta rage min. Biyu kacal. Shekara tara, Baba, kai ka san abin da na sha." Ya yunƙura zai tashi. "To zan tafi filin haka, akwai masu ɗauri goma a can."

"Je ka. Ka shiga da gashi a kwance, ka ga wanda zai taɓa kan da na ajiye bai tambayi dalili ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma Isonami ya sani. Ba mai hawa fili ba tukku, ba kuma mai ɗaurin da zai karɓi kan wani a tsakiyar aiki. Isonami ya juyo gare ni, ido jawur, ya ce, "Kumazo, kai ka yi masa magana mana." Na dubi gwiwata.

Motar da za ta kai shi fili ta gaji da jira, maigida ya fito da kansa. Ya ga ɗan kokawarsa da gashi a warwatse, ya ga akwati a rufe.

"Tokogen, lafiya?"

Tokogen ya sunkuyar da kai, bai amsa ba. Maigida ma tsohon ɗan kokawa ne, wuyansa ba ya juyawa hagu. Ya dubi zaren da ke tabarma ya ɗan jima, sannan ya miƙa wa Isonami hannu ya ce, "Matse." Isonami ya matse iya ƙarfinsa. Maigida ya zare hannunsa kamar daga hannun jariri, ya ce a juya motar zuwa asibiti.

Likita ya ce ƙashin wuya ne ya danne jijiya, karo ɗaya mai kyau zai iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Zai iya, ya ce, bai ce tabbas ba. A kan wannan kalma Isonami ya rataya fushinsa. Aka yi masa aiki, ya rasa gasa huɗu, sunansa ya gangara can ƙasan jeri, inda ake rubuta sunaye ƙanana, sai an matso kusa ake iya karantawa. Ya dawo ya yi shekara uku yana hawa, bai sake taɓa farin bante ba. Duk tsawon shekarun nan kullum yakan zauna gaban Tokogen a ɗaure masa ƙaramin tukku, ya tashi ya rusuna, ba ya cewa ko kala. A gidan ma an rabu biyu. Wasu na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, wasu na cewa mai mataji ba shi da hurumin yanke wa namiji ƙaddararsa. Tokogen bai taɓa kare kansa ba.

Ranar da Isonami zai bar kokawa, aka kama zauren wani otal don bikin yanke tukku. Duk wanda ya taɓa shiga sahun manya, da babban tukku ake yanke masa. Maigida ya ce zai aro mai ɗauri daga wani gida don a kauce wa ɓacin rai. Isonami ya ce a'a, wanda ya bar aikin a tsakiya shi zai ƙarasa. A ɗakin baya ya zauna, Tokogen ya ciro zare, sai Isonami ya ɗaga hannun hagu ta kan kafaɗa, bai waiwayo ba.

"Kawo in riƙe maka, Baba."

Ya riƙe gam har aka gama. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan, a sanina.

Bayan wata biyar Tokogen ya cika sittin da biyar, lokacin ajiye aiki ya yi. A ranarsa ta ƙarshe ya shigo kicin bayan abincin rana, na zuba masa romo ba ƙashi. Tambayar da na haɗiye shekara da shekaru ta ƙi haɗiyuwa.

"Yaya, ni me ya sa ba ka ajiye min mataji ba?"

Ya daɗe yana juya cokali a kwano.

"Na ga ƙafarka, Kumazo. Na san abin da zai faru, na kuma ɗaure. Tsoro na ji, kada a ce na karya doka." Ya ajiye cokalin. "Shekara ashirin da takwas ina jin takunka daga kicin zuwa baranda, ɗaya da ƙarfi, ɗaya a ja. Ranar nan a Nagoya, da zaren ya faɗi, kana bayana kana zagaya tukunya. Takun nan nake ji."

Na yi niyyar in ce masa ba komai, ya wuce, amma bai wuce ba, gwiwar na nan tana min zogi a daidai lokacin. Sai na ɗauki ludayi na tako zuwa inda yake, ɗaya da ƙarfi, ɗaya a ja, na ƙara masa romo.