Sojan da Ya Ari Farantina

Ina zaune a rumfar Mama Hadassah mai abinci a Sabon Gari, shinkafa da kifi a gabana, sai ga wani soja tsaye a kaina. Dogo ne, kakinsa ya yi masa yawa, bel ɗinsa da sabbin huji biyu na ƙusa.

"Baba, don Allah ara min farantinka minti ɗaya."

Ban gane ba, amma na miƙa masa.

Ya ɗaga waya, ashe kiran bidiyo yake yi. "Inna, kin gani da idonki ko? Kullum haka ake ba mu a daji, har da kifi. Ki daina kuka."

Yana dariya, yana nuna mata farantin. Da ya gama ya ajiye min, ko loma bai taɓa ba.

"Zauna ka ci mana, ɗana."

"Na ƙoshi, Baba. Mun sha gari da safe."

Kunya ce ta hana shi, ko cikinsa ne ya saba? Ban sani ba. Ya tari keke ya tafi. Har shinkafar ta huce na kasa ɗaukar cokali.