Baturan da Baba Ya Bari a Cikin Rimot

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sale direba, kuma sai a wannan watan muka buɗe ɗakinsa. Na so in rubuta masa abu mai daɗi, irin wanda 'ya'ya ke rubuta wa iyayensu a jarida, amma gaskiya ɗaci ne a bakina. Har yanzu in wayata ta ɗan yi ɗumi a hannuna sai in sake ta ƙasa ban sani ba.

Waɗanda suka san Baba a Gubaira, unguwarmu a birnin Riyad na Saudiyya, sun san shi da abu biyu, tuƙi da jirgin ƙasa. Ya daɗe yana tuƙa wani dattijon Bature a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Mutumin yana da ƙaramin jirgin ƙasa na cikin ɗaki, da dogonsa da taragunsa, wanda ake tuƙawa da rimot marar waya: ka murɗa ya ƙara gudu, ka mayar ya tsaya. Duk ranar da rimot ya ƙi aiki Baba ne ke gano ciwon. Da dattijon zai koma ƙasarsu sai ya bar masa kayan duka, har da rimot biyu, ɗaya mai cin batura 'yan yatsa, ɗaya kuma mai batirin caji a cikinsa.

Baba ɗan ma'aikacin reluwe ne, a kwatas ɗinsu na Zariya ya tashi. Ya kafa dogon a kan katako a ɗakin baya, ya raɗa wa tashoshin suna Zariya da Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda. Abokansa kan ce dattijo da furfura yana wasan yara. Shi dai murmushi yake, ya ce su nasu wasan a waya yake, nasa kuwa yana da tasha.

Ni ce nake zama kusa da shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwani yake kirana. A nan na ji tsarinsa har na haddace ba da niyya ba. In jirgi ya ƙi motsi, kada ka kwance komai. Fara duba batir. In batir na da rai, duba 'yan ƙarafan da yake taɓawa, ko sun yi tsatsa. Sannan ka leƙa akwatin da ke karɓar umarni a ƙarƙashin tebur, ko fitilarsa na ƙiftawa in ka murɗa rimot. Sannan ka tabbatar lambar kan jirgin da ke kan dogo ita ka danna, don sau da yawa mutum na ta murɗa wa jirgin da ke cikin kwali. A ƙarshe ka goge dogo. Kuma duk inda aka tashi wasa sai ya zare batura 'yan yatsa ya ajiye su daban, mai cajin kuma ya kai shi ɗakin da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki, ya ce zafin Riyad ba ya raga wa batir. Bokitin yashi ma yana ajiye a gindin tebur, muna ta tsokanarsa wai ko gini zai yi.

Ranar da ya rasu bai zare ba. An kira la'asar, ya ajiye rimot biyun a kan katako ya ce yanzu zai dawo. A masallaci ya faɗi.

To, ga inda laifinmu yake. Bayan addu'ar bakwai Umma, mahaifiyarmu, ta kulle ɗakin ta ce a bar wa Malam kayansa yadda ya bar su. Babu wanda ya musa, don a wurinmu wannan girmamawa ce. Ba a taɓa kayan mamaci da gaggawa, kada a ce ana ɗokin gado. Ni da na san ƙa'idarsa sarai, kunya ta hana ni in ce a ba ni makulli minti biyu in zare batura. Zafi huɗu na garin nan ya wuce a kan ɗakin, ba mukayyif, ba taga a buɗe. Muna ganin ladabi muke yi, ashe ruɓar da abin da ya fi so muke yi.

Da muka buɗe, wari ne ya fara tarbarmu, wani irin warin ƙarfe da tsami. Rimot mai batura 'yan yatsa ya yi amai. Wani farin abu kamar kanwa ya fito ta bayansa ya daskare, ya ci katakon, ya bar tabo kusa da tashar Gusau. Da na ɓalle murfin, sai da na fita tsakar gida na tofar da yawu. Mai cajin kuma cikinsa ya kumbura har robar ta tsage, kamar mushen da ya kwana biyu a rana.

Yayana Auwal ya ɗauke shi yana jujjuyawa. Yana aiki a shagon sayar da kayan waya, saboda haka a gidanmu shi ne injiniya. Ya ce iska ce kawai ta taru a ciki, ya sha ganin yadda ake yi, a huda da allura ta fita a jona caji, shi ke nan. Na ce Baba ya hana a taɓa batirin da ya kumbura.

"Uwani, Baba direba ne, Allah ya jiƙansa. Wannan fanninmu ne."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yana soka allurar sai abin ya yi tsaki mai tsawo, farin hayaƙi ya feso da wani ƙamshi mai zaƙi mai hawa kai, sannan wuta ta tashi kamar an hura ta da mafici. Ya yi jifa da shi, ya faɗo a gefen mayafina. Ban san lokacin da na fizge mayafin ba, ban kuma san lokacin da na jawo bokitin nan na kife yashin a kai ba. Umma na bakin ƙofa tana salati, ƙafafunta masu ciwo sun ƙi ɗaukarta. Yatsun Yaya uku suka ƙone. Da labule abin ya faɗa wa, da yanzu wani ne ke rubuta ta'aziyyarmu.

A ranar Umma ta yanke hukunci: ranar Juma'a mai sayen tarkace zai zo ya kwashe komai, dogo da taragu da katako. Ta ce ta binne miji, ba za ta binne 'ya'ya saboda kayan da suka riga suka mutu ba. Na roƙe ta, na ce batura ne suka mutu, ba jirgin ba. Ta ce to in ya tashi kafin Juma'a ta gani da idonta, in ba haka ba kada in sake yi mata maganar.

Abin da ya ƙara mini takaici, labari na bazuwa sai ga wayar abokan Baba, waɗannan dai masu cewa wasan yara. Wani ya ji an ce irin kayan nan suna da daraja a haraj, kasuwar tsofaffin kaya, yana tambaya ko za a bar masa "don tunawa da Malam". Shekara huɗu ko sallama bai leƙo ya yi wa Umma ba. Na riƙa tunanin me Baba zai ce da zamanin nan. Ya rasu lokacin da ake kafa ginshiƙan jirgin ƙasan cikin gari, bai ga ya tashi ba. Na san da zai shiga ya zauna a gaba, ya yi ta mamakin jirgi ba direba. Amma na san da zai tsaya a bakin kowace bola ya girgiza kai, ganin batura kumburarru a zube cikin ragowar shinkafa, rana na dukansu, yara na wucewa. Komai namu yanzu da batir yake, kuma ba wanda ke jin tsoronsa sai wanda ya ga wutarsa.

Kwana uku ina zuwa ƙofar ɗakin ina komawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ranar Laraba da hantsi na sa safar hannu ta wanke-wanke, na ɗauko ruwan khal, wato binega, da auduga, na zauna da rimot ɗin da ya rage. Farin abin nan yana tafasa in khal ya taɓa shi, ni kuma ina kau da kai ina istigfari. Na kankare 'yan ƙarafan har suka yi haske, na bari ya bushe, na sa sababbin batura daga bagala, kantin unguwa. Fuskarsa ta kawo haske. Na murɗa, fitilar akwati ta ƙifta, jirgi bai motsa ba. Na kusa fashewa da kuka, sai na tuna ban duba lamba ba. Rimot ya manta ta. Na ɗaga kan jirgin, ga ta a ƙarƙashi da rubutun Baba. Na danna. Jirgin ya yi gaba kamar taki ɗaya ya ƙame. Saura dogo ke nan. Na bi shi da tsumma tun daga Zariya har Ƙauran Namoda, tsumman ya fito baƙi ƙirin.

Da ya zagayo karo na biyu na ji numfashi a bayana. Umma ce, ta dafa bango. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a wancan kwanar a rage masa gudu, nan yake sauka daga dogo, Malam kullum sai ya yi mita. Ban taɓa sanin tana lura ba. Ta kwance makullin daga bakin zaninta ta ajiye mini a kan katako, ta ce a gaya wa mai tarkacen kada ya wahalar da kansa.

Ba zan ce na warke ba, kuma ba zan ce na yafe wa kaina shirun shekara huɗu ba. Rimot ɗaya ya tafi, tabon katako ba zai goge ba. Amma na gane abin da Baba ya bari ba jirgin ba ne, don shi ma wata rana zai tsaya. Abin da ya bari shi ne halin mutumin da ke duba ƙaramin abu kafin ya taɓa babba, wanda ba ya jin kunyar ajiye yashi don wutar da bai gani ba tukuna. Allah ya haskaka makwancinsa, ya sa ya sauka a tasha mai kyau.

Jiya Yaya Auwal ya shigo da hannunsa a naɗe, ya tsaya daga nesa da tebur. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Uwani, wai da me Baba yake cewa a fara?"

Na matsa masa a kan benci.