Kwandon da ya ƙi lissafi

Shekarun da aka kafa sandunan wayar tangaraho a Kano, muna yara a gidanmu na Ƙofar Mazugal. Da an idar da magariba sai mu kewaye murhun kakarmu, Iya Gambo, tana gasa mana gyaɗa, ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ba shi da rabo."

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta Malam Tanko mai hisabi, wanda matarsa Delu ke saƙar kwanduna. Wai wata rana ya bugi ƙirji a zaure, ya ce in aka faɗa masa zagayen kaba nawa ne a jikin kwando, zai faɗi mudun geron da zai ci. Ya tara kwandunan Delu ya auna, ya jera a allo: zagaye goma, mudu biyu; ashirin, mudu shida; talatin, sha biyu. Ya rantse ba zai taɓa tuwo ba sai ya samo ƙa'idar.

"Kwana biyu," in ji Iya, "cikinsa na kuka kamar kwaɗin Jakara."

Rana ta uku ya gano ta: kowane ƙari ya fi na bayansa da mudu biyu. Ke nan mai zagaye arba'in, mudu ashirin zai ci. Aka auna, sha bakwai! Malam ya dubi allo, ya dubi tuwo, ya waiga ba kowa, sai ya zauna cikin kwandon don ya buɗa shi. Kwando ya kama shi tsam. A nan Iya kan miƙe, ta turo baya tana tafiyar agwagwa, mu kuwa muna birgima.

"Delu ta fito ta ce, 'Malam, ƙwai ka saka?' Ya ce, 'Gyara nake.' Ta ce, 'Ai da ka tambaye ni. Ranar da na saƙa wannan ka ce miyata ba gishiri, da haushi na matse shi.'"

Sai da aka sa wuƙa aka yanke kwandon, sannan Malam ya fita.

Da na girma na sami aiki a ofishin waya. Aka ba ni jadawalin naɗin waya iri-iri da yawan lantarkin da kowanne ke riƙewa, in nemo lissafin da zai haɗa su. Na samu, ya dace da kowane layi ban da guda. Wallahi har na ɗauki abin goge rubutu zan share layin, sai na ji kunya ta kama ni. Na je na ɗauko naɗin, ashe an matse zagayensa fiye da sauran. Na ƙara tazarar zagaye a lissafin, komai ya zauna.

Tun ranar, in lamba ta yi mini gardama, ba na kokawa da ita. Tambaya nake wa ya ɓata mata rai.