Inna da Nas ɗin Bungudu

Shekarun baya, likita a Gusau ya ce mana ciwon daji ne ya kama mahaifiyata a wata 'yar gaɓa da ke bayan tumbi, kuma ya yi nisa. Sai dai a rage mata zafi. Na ɗauko ta daga Tsafe na kawo ta gidana.

Asibitin suka haɗa ta da wata nas, 'yar Bungudu. Kowace safiya Inna za ta yi magana a waya, a ɗauki muryar a tura wa nas ɗin: ina ke ciwo, ya kai yaya, ta ci abinci, ta yi amai, ta samu barci? Da wannan suke sanin ko su ƙara magani ko su canza.

To ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" nake tun ina yarinya. Idan na ce, "Inna ya jiki?" sai ta kau da kai ta ce, "Da sauƙi." Ko tana haɗa gumi, da sauƙi ne.

Amma da na danna mata wayar, sai ta ce, "Ke, ba ni wuri." In fita in laɓe a bakin ƙofa, ni da gidana! Sai in ji tana cewa, "Ɗiyata, jiya bayan nan ya hana ni sakat. Kunu ma bai zauna ba." Ɗiyata fa! Wallahi kishi ya rinƙa cina. Ni ke wanke ta, ni ke juya ta, amma wadda ba ta san ƙofar gidanmu ba ita ce ɗiya. Har na fara gaida baiwar Allahn nan a daƙile in ta kira waya, ita kuwa ba ta san ina yi ba.

Wata safiya na ƙi fita. Na ce, "Inna, ni fa na gaji. Ki faɗa a gabana. Ko ni ba mutum ba ce?"

Ta kalli bango, ta ce, "Ita in na faɗa mata, magani take ƙara mini. Ke in na faɗa miki, abinci kike bari."

Na fita na ja mata ƙofa.

Da Allah ya karɓi abinsa, nas ɗin ta zo ta'aziyya. Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Anti, kin tuna yadda take cewa kamar ana hura mata gawayi a baya?" Na gyaɗa kai kamar na sani, alhali ranar na fara ji.

Na san gata Inna ta yi mini, kuma ba don waɗannan saƙonni ba da ta sha azabar da ta fi haka. Ina yi wa nas ɗin addu'a da zuciya ɗaya. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, kishin bai tafi ba. Akwai wata mata a Bungudu da ta san yadda kwanakin ƙarshe na mahaifiyata suka kasance, ni da na yi jinyarta sai a bakinta na ji.