Sunan da Bakari Mai Lilo Bai Kira Ba

A unguwar Adarawo ta Yola kafintoci biyu ne masu suna Bakari, don haka in baƙo ya zo tambaya sai a ce masa, "Wanne? Mai gado ko mai lilo?" Mai lilo shi ne dogon nan siriri, wanda guduma ta lanƙwasa wa ɗan yatsa. Aikinsa na kullum ƙofofi ne da bencin makaranta da akwatin amare. Lilon kuwa sai da Sallah ko wani babban biki yake fitowa, amma shi ya ba shi suna.

A garin Garwa, can gaba a bakin kogin Binuwai, ya fara ganin irinsa, wata damina da ya bi jirgin ruwan kamfani yana gyaran akwatunan kaya. Na can na ƙarfe ne. Ya tsaya kallo har jirgi ya kusa barinsa. Da ya dawo Yola sai ya sassaƙa nasa da maɗaci: ginshiƙai biyu, da wata ƙatuwar ƙafa irin ta amalanke a tsakaninsu, da akwatuna huɗu suna reto a jikinta. In aka tura, akwati ya ɗaga sama har yaro ya hango Binuwai, ya sauko, ya sake hawa. Ranar bikin samun 'yancin kai aka fara kafa shi a wani fili a Jimeta, kuma tun daga ranar yaran Yola ba sa cewa sun yi Sallah sai sun hau.

Mai tura masa shi ne Absalom, wani ƙaton Bachama daga Numan da ke dako a bakin kogi. Shi da Bakari ba su yi kama ta ko'ina ba. Absalom yana dariya ana ji daga kasuwa, Bakari kuwa sai ka matso kafin ka ji abin da ya ce.

Bakari Bafulatani ne na cikin gari, kuma yana da ɗan fari, Hayatu. A gidansu ɗan fari ba na iyayensa ba ne a idon jama'a. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin Gogo, yayar Bakari, ita ta raine shi. Uban bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba. In zai yi maganarsa sai ya ce "wancan," ko "mutumin ɗakin Gogo." Har wani maƙwabcinsu mai suna Hayatu, "mai sunan wancan" yake ce masa. Haka uban Bakari ya yi da Gogo, haka kakansu ya yi, ba wanda ya ga abin magana a ciki. Sai dai a cikin akwatunan lilon nan huɗu akwai guda mai shuɗin fenti, wanda ya fi sauran santsi, kuma shi kaɗai ke da sanda biyu ta riƙewa. Daidai tsawon ƙafafun Hayatu aka auna shi a shekarar da aka ƙera. Ba wanda ya taɓa faɗa.

Absalom kaɗai ke tsokanarsa.

"Bakari, wannan al'ada naku, ni ban gane ba. Ni yarona na fari, in ya yi laifi, sunansa nake kira har Numan su ji."

"Shi ya sa ba ya jin maganarka."

"Naka yana ji? Wane magana ka yi masa da zai ji?"

Bakari sai ya sunkuya ya ci gaba da shafa wa lilo man gyaɗa.

Shekarar da aka ce wa mutanen Yola yanzu su 'yan Jihar Arewa maso Gabas ne, ita ce shekarar da yaƙin basasa ya tashi. Motocin soja suka riƙa zuwa Jimeta suna kwasar samari. Kafin Babbar Sallar da ta biyo baya, Hayatu, wanda ya zama saurayi yana koyon gyaran mota, ya je ya ba da sunansa. Aka ce motarsu za ta tashi washegarin Sallah da la'asar, daga bakin filin wasa.

Ranar Sallah Gogo ta samu ƙanenta a rumfarsa yana ɗaure katakan lilo. Ta zauna a kan wani bencin da bai ƙarasa ba, ta yi masa magana da Fulatanci, kamar yadda suka saba.

"Na yi kuka, na yi faɗa, na rantse ba zan ci abinci ba. Dariya ya yi mini."

"Na aika masa ai. Na ce ki gaya masa ban so."

"Na gaya masa. Ka san abin da ya ce? Ya ce, 'Gogo, ke kika faɗa.' Bakari, yaron nan saƙo ya ji tun yana rarrafe. Bakinka yake so. Ka kira shi, ka ce ya zauna, wallahi zai zauna."

"A gaban mutane?"

"To kai shi bayan gari. Ni dai gobe da la'asar ba ni da ɗa in ka yi shiru."

Bakari ya ja igiya ya ƙulle. Ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Washegari gidan gaba ɗaya ya tafi Jimeta. Gogo da sabon zanenta, Fadimatu uwar yaran da ƙwaryar dakkere, ƙannen Hayatu mata da lalle har gwiwar hannu, da autansu Bobboyi wanda takalmin Sallah ke cizonsa amma ya ƙi cirewa. Zafin Yola ya kai inda yake kaiwa a wannan lokacin, duk da haka filin ba masaka tsinke. Mai garmaho ya ɗora lasifika a kan bishiya. Masu alewa da ƙosai da tsiren ragon layya sun jeru. Wani mutumin Borno yana wasa da 'yan tsana a bayan labule, yara na faɗuwa don dariya. Can gefe mai hoto ya shige cikin baƙin ƙyallensa yana ta roƙon wata amarya ta daina rufe fuska. Layin lilo kuwa ya miƙe har wajen masu rake.

Bakari yana tsaye inda ya saba, yana sa yara a akwati yana rufe sanda. Tun hantsi yake ganin Hayatu ta gefen ido. Ya ga ya saya wa ƙannensa alewa. Ya ga ya cire wa Bobboyi takalmin ya rataya a wuyansa. Ya ga ya zo kusa da lilo ya tsaya, ya koma, ya sake dawowa. Duk lokacin da ya matso sai Bakari ya sami wata ƙusa da ke bukatar dubawa.

Bayan azahar Hayatu ya shiga layi, yana riƙe da hannun Bobboyi.

Absalom ya ce, "A'a, soja. Kai ma? Za ka karya mana lilo."

"Na ƙarshe ne, Baba Absalom. Ka ba ni shuɗin."

Ya shiga, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, ya ɗora ƙanensa a cinya. Mutane suka yi dariya. Absalom ya tura, akwatin ya hau, ya sauko, ya hau. Bobboyi yana ihu yana nuna kogi. A zagaye na gaba Absalom ya sa kafaɗa ya tare ƙafar lilon, shuɗin akwatin ya tsaya cak a gaban Bakari, kusa har inuwar hularsa ta faɗa kan fuskar ɗansa.

"Lilo ya gaji," in ji Absalom, yana haki. "Bakari, ga shi nan. Ni zan riƙe. Ko zuwa gobe zan riƙe."

Yaran da ke sama suka fara ƙorafi. Gogo ta matso ta tsaya, ta daina taunar goro. Fadimatu, wadda ita ma kunyar ɗan fari ta hana ta kallonsa, ta juya baya tana gyara murfin ƙwarya. Hayatu ya sunkuyar da kai yadda ɗa ke yi a gaban uba, amma bai kawar da kunne ba.

Bakari ya kama sandar akwatin. Ya girgiza ta, ko da yake ya san ba abin da ya same ta. Leɓensa ya motsa. Ga maƙwabta a layi, ga 'yan Adarawo, ga wani dattijo abokin marigayi babansa yana zaune a inuwa yana kallo.

Ya dubi Bobboyi ya ce, "Ka gaya wa mutumin da ke riƙe da kai, sandan nan biyu ne. Ya riƙe da kyau."

Hayatu ya yi murmushi, bai ɗago ba. Ya ce, "Bobboyi, ka ce masa na riƙe."

Absalom ya daɗe bai saki ba. Daga baya ya janye kafaɗarsa, lilo ya ci gaba.

Da la'asar motar soja ta yi ham a bakin fili. Hayatu ya durƙusa gaban Gogo, ta dafa kansa. Ya je wajen uwarsa, ta miƙa masa ƙullin dakkere tana kallon ƙasa. Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan da lilo, ya jira. Bakari yana sa wata yarinya a akwati. Ya rufe sanda, ya buɗe, ya sake rufewa. Da ya juyo, yaron ya tashi, ya shiga cikin taro.

A nan ne Bakari ya saki lilo ya bi shi. Mutanen da suka san shi sun ce ba su taɓa ganin yana sauri ba sai ran nan. Yana ture masu rake, yana hango ƙeyar ɗansa tana nisa. Garmaho na ta kiɗa. Ya buɗe baki, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa.

"Kai! Kai, wancan!"

Rabin filin ya waiwayo. Mai tsire ya waiwayo, yara suka waiwayo, har wani ɗan doka ya nuna ƙirjinsa yana tambaya ko shi ne. Hayatu bai waiwayo ba. Bai san muryar babansa in ta ɗaga ba, bai taɓa jin ta ba. Ya kama hannun wani ya haye motar.

Bakari ya dawo wajen lilo. Bai taɓa hawa abin da ya ƙera ba, amma ran nan ya fitar da yaran da ke shuɗin akwatin ya shiga. Absalom bai tambaye shi ba. Ya tura shi sama ya tare da kafaɗa. Daga can Bakari ya ga motar ta kama hanyar Numan, ya bi ta da ido har ta shige bayan itatuwa. Yara na ƙasa suna dariya, wai tsoho ya hau lilo ya ƙi sauka.

Hayatu bai dawo ba. Bayan an gama yaƙi wani saurayi ɗan Namtari da suka tafi tare ya zo gidan da sanda a hammata, ya ce a wajen ƙetare wani kogi ne Hayatu ya rasu, kuma bai sha wahala ba. Aka yi zaman makoki. Masu gaisuwa suna cewa, "Allah ya jiƙan Hayatu," Bakari yana cewa amin. Ko a nan bai faɗi sunan ba. Gogo ba ta ƙara yi masa maganar ran nan ba har ta rasu, kuma Bakari ya gaya wa Absalom cewa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Bai daina kafa lilo ba. Kowace Sallah yana nan, yana rufe sanda. Shuɗin akwatin ne dai ya riƙa zagayawa ba kowa. In layi ya yi tsawo wani ya ce, "Baba, ga guda can babu mutum," sai ya ce, "An kama."

Shekaru suka wuce, har aka raba jihar aka sake mata suna. Bobboyi ya girma ya yi aure, matarsa ta haifi namiji, aka sa masa Hayatu. Matan gida suka taru za su laƙaba masa wani sunan da za a riƙa kira, don kada a riƙa faɗin na marigayi a gaban tsoho. Bakari, wanda bai taɓa shiga maganar mata ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ku bar masa sunansa."

"Baba, ai saboda kai ne."

"Na sani. Ku bar masa."

Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa. Don haka aka wayi gari tsohon da ba a jin muryarsa ya zama mai kira. Hayatu zo, Hayatu tafi, Hayatu ka cinye mini tuwo, Hayatu matarka ta fi sona. Yaron na tsakar gida a gabansa ma sai ya kira. Wani lokaci in yaron ya amsa, sai ya rasa abin da zai aike shi.

Sallar ƙarshe da ya kafa lilo, ƙarfinsa ya tafi, Absalom ma ya tsufa, 'ya'yansa ke turawa shi yana zaune yana ba da umarni. Bakari ya ɗauki jikan da kansa ya sa shi a shuɗin akwatin, ya rufe sanduna biyun. Aka tura. Da akwatin ya kai sama, tsohon ya ce, "Hayatu."

"Na'am, Kaka."

"Hayatu."

"Na'am. Ga ni nan a sama."

"Ka zauna. Kada ka je."

Yaron ya leƙo yana dariya. "Ina zan je, Kaka? Ai ka rufe ni."

Absalom ya dubi abokinsa. Bakari ba sama yake kallo ba. Ya juya wa lilon baya, yana kallon bakin fili, wajen da hanyar Numan ta fara.