Gawar Ƙuda a Cikin Kwalba

In damina ta ja baya ɗinya ta nuna, gidanmu na Malanville ba ya rabo da hayaƙi. Kakata, Inna Dije, takan sa mu tsinto ɗinya kwando-kwando, ta murje, ta tace, ta aza ruwan bisa murhu bayan magariba. Maɗi ba ya son gaggawa. Sai ya yi ta tafasa har ya yi baƙi, ya yi kauri, ya riƙa bin muciya kamar zuma. Mu jikoki muna kewaye da wutar, kowa da tsinkensa na lasa. Don kada mu dame ta, sai ta toshe muna baki da tatsuniya.

"Ga wata nan tahe," in ji ta.

"Ta sauka, mun share mata wuri."

Wadda ta hi maimaitawa ita ce ta mai amya. Wai wani mutum ya rataya amyarsa bisa ɗorawa, sunka yi alkawari da sarkin zuma: in zai ɗiba ya zo da hayaƙin kashin shanu, ya ɗauki saƙa biyu, ya bar ta ukku ga masu gida. Haka sunka zauna har ya mutu. Ɗansa ya gada, ya ce shi ba ya rabon abinci da ƙwaro. Ya hau da damin ciyawa mai wuta, ya cusa. Ya kwashe duka, ya matse har da tsutsar 'ya'yansu, ya sha. Tun ranar, komi ya sa baki sai ya ji ƙauri. Tuwo ƙauri, nono ƙauri. Ya tahi gulbi ya yi ta kurkure baki har kihi sunka gudu.

Nan Inna takan tsartar da miyau cikin toka. "Tir! Wanda ya ƙone mai masaukinsa, mi zai ci ya ji daɗi?"

Ba ta hana mu zuma ba. Amma in an kawo, sai ta shinshina tukuna. In ta ji ƙauri ta ture da bayan hannu, ta ce a miƙo mata maɗinta.

Na girma, na yi suna wajen tatsuniya, wannan ma na ba da ita ya hi a ƙirga. Na kuma yi suna wajen sanin zuma. Kasuwarmu cike take da ta jabu, don haka mata kan zo su tambaye ni, ni ko in ce musu: "Ku duba kwalba. In kun ga gawar ƙudan zuma tana yawo ciki, ta gaskiya ce." Shekara da shekaru unguwa guda na saye da bakina.

Bara jikata Habsatu ta dawo daga Parakou wankan jego. Na ce zan dama mata kunun kanwa da zuma. Ta dubi kwalbar ta kau da kai.

"Kaka, ni na bar shan zuma. Abincin ƙudan zuma ne, kashe su ake a ƙwace. A sa mini ruwan dabino."

"Ja'ira! Abin da Allah ya ce magani ne? Bokon naki ya kai ki ga yi ma ƙwaro ta'aziyya?"

"To waɗannan na ciki, barci suke?"

Matan da sunka zo barka sunka kwashe da dariya. Ban taɓa shan kunya gaban mata ba, ba kuwa jikata za ta fara ba ni ita ba. Na ce gobe da kaina zan tahi Guéné wurin Malam Idi, mai kawo mini zuma, in zo da saƙa ɗanya, ta gani ta sha.

Da hantsi kabu-kabu ya sauke ni. Ban aika ma Malam Idi cewa ina tahe ba. Matarsa ta ce shina can baya, wurin aikin zumarsa. Tun kahin in kai, warin ya tare ni: ƙaurin nan na tatsuniya, wanda na sha faɗi da baki ban taɓa ji da hanci ba. Ga amya kwance ƙasa, rabi ta ƙone. Ga faifai cike da ƙudan zuma, sun ƙanƙance, wasu na motsa ƙafa. Gehe guda tukunya na tafasa, sukari ne da ruwa. Malam Idi na zuba shi a kwalba, ya ɗiga 'yar zuma bisa, ya tsinci gawa da yatsu ya jefa.

"Malam Idi, wannan wace ƙazanta ce?"

Ko gezau bai yi ba. "Hajiya, ai ke kinka koya ma mutane. In ba gawa, ba su saye. Da hayaƙi nike ɗiba da can, aka riƙa maido mini wai ta yi tsabta da yawa."

Na dafa katanga na yi amai nan gabansa.

A hanya na tsaya na sayi ɗinya. Na aza tukunya kamar yadda Inna ke yi, hannuna bai manta ba. Habsatu na kallo, ba ta tambaye ni ina saƙar take ba, kuma na gode mata. Ta sha kununta da maɗi har ta nemi ƙari.

Har yau ban ce zuma haram ce ba, ba zan ce ba. Wanda ya zo da hayaƙi ya bar ma masu gida rabonsu, zan sha tasa. Amma duk shekarun nan da nike ba da labarin ɗan mai amya, ina kwaikwayon muryarsa yara na dariya, a zatona wani nike zagi can nesa. Ashe ni ke miƙa mishi wutar.

Na bi gidajen unguwa ɗaya-ɗaya na janye maganata. Wasu sun ji, wasu sun ce tsuhwa ce ta kama ni. Yanzu in an miƙo mini kwalba, ba na ɗaga ta ga rana. Hanci nike kai wa.