Gaggawar da Muka Yi a Kan Yaya Habibu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma har yau in na bi ta titin Wendover na hangi rumbun kayan da ya yi aiki, sai ya faɗo min a rai. Da ƙafarsa ya shiga asibiti a cire masa matsarmama, aikin da suka ce ƙarami ne. Har tsokanar matarsa, Anti Rabi, yake yi, wai ta ajiye masa tuwo kada yara su cinye. Aka sallame shi, ciki ya kumbura, aka mayar da shi, bai fito ba.

Wata nas ta tambaya ko muna so a buɗe gawar a bincika. Alhaji Sule, dattijonmu mu mazauna ƙasar waje a nan garin Greensboro, ya ce, "Haba! Wanda kwanansa ya ƙare za a yayyanka? A kai shi makwancinsa." Washegari muka binne shi, muna gode wa Allah ba a riƙe mana shi ba. Yadda muka gada ke nan, babu wanda ya yi don mugunta.

Bayan Anti Rabi ta fita takaba muka je wurin lauya kusa da kotu. A nan muka ji abin da ba mu taɓa ji ba. A wannan jiha ba a shigar da ƙarar sakacin likita sai an samu wani likita mai irin wannan aikin ya duba takardun jinyar, ya yarda zai tsaya gaban alƙali ya ce an yi kuskure. Lauyan ya nema. Duk likitan da ya duba sai ya ce akwai alamar an yanki inda bai kamata ba, amma ba zai rantse a kan alama ba tunda ba a binciki gawar ba. Muna ta neman wani har wa'adin shigar da ƙarar ya wuce. Wallahi na yi fushi, har yanzu ban huce ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Mutum ne da ko wayar yaransa ta lalace sai ya kwance ta ya ga abin da ya kashe ta. Shi kuwa ba wanda ya duba. Likitan da ya yi masa aikin yana nan yana yi wa wasu. Ban sani ba ko ya yi kuskure, ban sani ba ko bai yi ba, kuma wannan rashin sanin ne ke cina.

Yanzu ga Anti Rabi da irin ciwon. Inshorarta asibitin da Yaya ya rasu kaɗai ta yarda da shi, an sa mata ranar aiki a wata mai kamawa. Yaransu biyu suna sakandare, ita kaɗai ta rage musu.

Abin da Yaya ya bar mana bai wuce yaran nan da halinsa na son sanin dalili ba, kuma halin ya koma kan matarsa. Jiya na kai mata cefane gidanta da ke McLeansville, ta rako ni har mota, ta rage murya don kada yara su ji.

"Kawun yara, in abin ya zo da ƙarar kwana, kada ku yi gaggawar binne ni. Ku bari su duba."